Zaɓuɓɓukan Tayar da Manhajar Allon Sanarwa na Tarho

7.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da ke jiran malamin Hausa a makarantun firamare da ƙananan sakandare akwai bayyana wa yara al'amuran kimiyya da fasaha da harshen da suka tashi da shi. Wannan aiki ba ya yiwuwa ta hanyar jera kalmomin aro kawai. Dole malami ya fahimci yadda abin yake aiki, sannan ya nema masa kalmomin da suka dace. A wannan babi an ɗauki misali guda daga tarihin sadarwar kwamfuta, wato zaɓuɓɓukan da ake rubutawa yayin tayar da manhajar allon sanarwa na tarho. An zaɓi wannan misali ne saboda gajere ne, kuma yana da ginin jimla irin nasa wanda ɗalibin nahawu zai iya feɗewa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, manhaja ba ta ganin halin da aka tashe ta a ciki, sai an gaya mata, kuma zaɓuɓɓukan tayarwa su ne ɗan harshen da ake gaya mata da shi.

7.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar allon sanarwa na tarho da taƙaitaccen tarihinsa;
(b) feɗe jimlar umarni zuwa sassanta;
(c) bambance hanyoyi uku na tayar da manhajar allo;
(d) bayyana aikin muhimman zaɓuɓɓuka biyar da illar kuskure a kowannensu;
(e) amfani da dabarun samar da keɓaɓɓun kalmomi wajen koyar da irin wannan darasi.

7.2 Ma'anar Allon Sanarwa na Tarho

Allon sanarwa na tarho, wanda ake taƙaita sunansa na Ingilishi da haruffan BBS, kwamfuta ce da aka haɗa da layin tarho, aka ɗora mata manhajar da ke amsa kiran wasu kwamfutoci. Wanda ya kira yana iya karanta saƙonnin da wasu suka bari, ya bar nasa, ya kwafi fayil ko ya ajiye. An aro sunan ne daga allon da ake kafewa a bango ana liƙa takardun sanarwa, irin wanda ake gani a ƙofar ofishin shugaban sashe.

Mutane biyu ne a birnin Cikago na Amurka, Ward Christensen da Randy Suess, suka kafa allo na farko mai suna CBBS. Sun fara aikin ne a watan Janairu na 1978, lokacin da dusar ƙanƙara ta hana mutanen birnin fita, allon kuma ya fara amsa kira ranar 16 ga Fabrairu na wannan shekara. Daga nan alluna suka yi ta yaɗuwa a shekarun 1980, galibinsu a gidajen mutane, kowanne da mai kula da shi. A 1984 Tom Jennings ya assasa FidoNet, tsarin da ya ba alluna damar kiran juna da kansu su miƙa wa juna wasiƙu. An raba duniya shiyya-shiyya a wannan tsari, aka ba Afirka shiyya ta 5. A farkon shekarun 1990, kafin intanet ta wadata, ƙungiyoyi da dama a ƙasashen Afirka sun aika wasiƙun lantarki ta wannan fasaha, ta hannun cibiyar GreenNet da ke Landan. Daga tsakiyar shekarun 1990 intanet ta janye jama'a, alluna suka ragu ƙwarai. 'Yan kaɗan da suka rage a yau, masu amfani da manhajoji irin su Synchronet da Mystic, ta intanet ake shiga mafi yawansu.

7.3 Kayan Aiki

Kafin a fahimci zaɓuɓɓukan, ya kamata a san abubuwa huɗu da suka haɗu suka tayar da allo.

Na farko shi ne kwamfuta. Alluna masu yawa na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 suna aiki ne a kan tsarin DOS, wanda ba a danna hoto a cikinsa, sai dai a rubuta umarni.

Na biyu shi ne modem, na'urar da ke mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti domin su bi wayar tarho, ta kuma mayar da sautin da ya iso ya koma bayani. Ana auna gudunta da adadin bit a sakan guda. An fara da 300, aka koma 1,200 da 2,400, sannan 9,600 da 14,400 da 28,800. A tsarin da aka fi amfani da shi, harafi guda yana cin bit 10 a hanya. Ke nan modem mai gudun 2,400 tana kai haruffa 240 a sakan. Fuskar kwamfuta mai layi 25, kowane layi da haruffa 80, tana ɗaukar haruffa 2,000, don haka cika ta yana cin kimanin sakan 8 a wannan gudu, amma a gudun 300 sai an haura minti guda.

Na uku shi ne kafa, wato mahaɗar da aka jona modem da kwamfuta. Ana kiran kafofin COM1 da COM2, har zuwa COM4.

Na huɗu shi ne manhajar allon kanta. Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai PCBoard da Wildcat da WWIV da Maximus da RemoteAccess. Misalan wannan babi daga biyun ƙarshe aka ɗauko su.

7.4 Ginin Jimlar Umarni

Zaɓin tayarwa wata 'yar alama ce da ake rubutawa bayan sunan manhaja, a layi ɗaya da shi, domin a sanar da ita yadda za ta fara aiki. Sunan manhajar da zaɓuɓɓukan da ke biye da shi su ake kira jimlar umarni. Dubi wannan misali na RemoteAccess:

RA -B2400 -C1 -T45 -N2 -E10

Idan aka feɗe wannan jimla za a ga sassa kamar haka. Kalmar farko, RA, sunan manhajar ce, kuma rubuta shi kaɗai ya wadatar a matsayin umarni, kamar yadda “Tashi!” take cikakkiyar jimla a Hausa ba tare da an ambaci aikau ba. Sauran sassan biyar suna aiki irin na bayanau, domin suna fayyace yadda za a tashi, da inda za a tashi, da tsawon lokacin da ake da shi. Kowane sashe kuma yana da gaɓoɓi uku: karan da ke gaba, wanda yake kamar ɗafa-goshi mai nuna cewa zaɓi ne ke tafe, harafin da ke faɗin irin zaɓin, da lambar da ke cike ma'anarsa. Fili shi ne ke raba zaɓi da zaɓi. Idan aka saka fili tsakanin harafi da lambarsa, manhaja tana iya ɗaukar su a matsayin abubuwa biyu dabam, kamar yadda raba kalma ko haɗe ta ba bisa ƙa'ida ba yake sauya ma'ana a rubutun Hausa.

Da za a mayar da jimlar zuwa Hausa, ga abin da take cewa: “Tashi. Akwai mai kira a kan waya da gudun 2,400. Yana kafa ta 1. Saura minti 45 wani aiki ya zo. Ke ce mai kula da layi na 2. Idan ya tafi, ki fita ki bar lamba 10.”

Sau da yawa mai kula da allo ba ya rubuta wannan jimla da hannu a kowane kira. Yakan ajiye ta a cikin fayil ɗin jerin umarni, wanda DOS ke bi layi bayan layi, dare da rana, ko da mai allon yana barci.

7.5 Hanyoyi Uku na Tayarwa

7.5.1 Zaman Jiran Kira

A wannan hanya manhajar allo ce da kanta take tsaron tarho. Da ta tashi sai ta aika wa modem umarnin shiri. Yawancin modem suna jin umarnin da kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981, wanda kowace jimlarsa ke farawa da haruffan AT. Misali, ATZ na mayar da modem ga shirinta na asali, ATA kuwa na sa ta ɗaga waya. Idan tarho ya yi ƙara, modem takan aiko da kalmar RING, manhaja ta umarce ta da ta amsa, sannan modem biyu su daidaita a kan gudu guda, a aiko da saƙo irin CONNECT 2400. Tun da manhajar ce ta ga wannan saƙo da kanta, ba ta bukatar a gaya mata gudun. A Maximus, zaɓin -w ne ke sa ta zaman jira.

7.5.2 Tayarwa ta Hannun Manhajar Zaure

Allon da ya shiga FidoNet yana samun baƙi iri biyu: mutane, da kuma kwamfutocin da suka kawo wasiƙu. Saboda haka akan sa wata manhaja dabam a gaba, irin su FrontDoor ko BinkleyTerm, ta riƙa ɗaga waya. A wannan babi an kira ta manhajar zaure, domin aikinta ya yi kama da na wanda ke zaune a zaure yana amsa sallama. Idan ɗan aike ne, ya karɓi saƙo ya sallame shi. Idan baƙon maigida ne, ya yi masa iso. Haka manhajar zaure take yi: in kwamfuta ce ta kira, sai su yi musayar wasiƙu a ajiye waya, in mutum ne, sai ta kauce, a tayar da manhajar allo ta karɓe shi.

A nan ne zaɓuɓɓuka suka fi muhimmanci. Manhajar allo ta tashi ne a tsakiyar zance. Ba ta ji ƙarar tarho ba, ba ta ga saƙon modem ba, ba ta san ƙarfe nawa aka tsara aiki na gaba ba. Duk abin da za ta sani, daga jimlar umarni za ta same shi. Don haka FrontDoor, kafin ta kauce, takan rubuta ɗan fayil mai ɗauke da gudun mai kira da lambar kafa da mintocin da suka rage. Fayil ɗin jerin umarni yana karɓar waɗannan a guraben da DOS ke kira %1 da %2 da %3, ya zuba su cikin jimlar:

RA -B%1 -C%2 -T%3

Waɗannan gurabe suna aiki ne kamar wakilin suna. Siffarsu ba ta sauyawa, amma abin da suke wakilta yana sauyawa daga kira zuwa kira.

7.5.3 Shigar Cikin Gida

Wani lokaci mai kula da allo yakan so ya shiga allonsa daga madannan kwamfutarsa, ba ta waya ba, domin ya karanta saƙonni ko ya gwada wani gyara. A RemoteAccess zaɓin -L ne ke ba da wannan dama, a Maximus kuwa -k. A irin wannan hali akan umarci modem ta ɗaga waya da ATH1, domin duk wanda ya kira ya ji layi a cike, ya san allon na nan, ya sake kira an jima.

7.6 Muhimman Zaɓuɓɓuka da Illar Kuskure

(i) Zaɓin gudu. Idan modem na magana da kwamfuta a gudun 2,400, aka gaya wa manhaja 9,600, abin da zai bayyana a fuskar mai kira tarkacen alamomi ne marasa ma'ana. Da modem masu matse bayani suka fito, sai aka koma kulle gudun kafa a lamba mai yawa, kamar 38,400 ko 57,600, ko da gudun da ke kan waya bai kai haka ba. Akan yi wannan kulli a wata ƙaramar manhaja mai shiga tsakanin allo da kafa, wadda ake kira FOSSIL, irin su X00 da BNU. Duk da haka zaɓin gudu bai rasa amfani ba, domin da shi manhaja take lissafin lokacin da kwafar fayil zai ci. Fayil mai haruffa 720,000 yana cin kimanin minti 50 a gudun 2,400, amma bai fi minti 9 ba a gudun 14,400.

(ii) Zaɓin kafa. Idan modem na COM2 aka rubuta 1, manhaja za ta yi ta magana a ƙofar da ba kowa, mai kira kuma ya zauna yana kallon fuska babu rubutu, alhali kuɗin tarho na ta hawa a kansa.

(iii) Zaɓin lokaci. Dokar FidoNet ta ware awa guda a kowace rana wadda dole kowace tasha ta bar layinta domin wasiƙu kaɗai. Haka kuma mai allo yakan tsara wasu ayyuka na dare, kamar share tsofaffin saƙonni. Zaɓin -T yana gaya wa manhaja mintocin da suka rage, ita kuma ta rage wa mai kira lokacinsa daidai da haka. A misalin da aka kawo a sama, mai kira da gudun 2,400 ba za a bar shi ya fara kwafar fayil ɗin minti 50 ba, tun da minti 45 ne suka rage. A nan ana iya ganin yadda zaɓi biyu suke haɗuwa su haifar da hukunci guda. Idan aka manta da wannan zaɓi, mutum ɗaya na iya tare layi a lokacin wasiƙu, saƙonnin jama'a da dama su kwana ba su tafi ba.

(iv) Zaɓin layi. Allon da ke da tarho fiye da ɗaya yakan tayar da manhajar sau biyu ko fiye a lokaci guda, ko dai a kwamfutoci dabam-dabam da aka haɗa, ko a kwamfuta ɗaya da taimakon manhaja irin DESQview. Kowane kwafi dole ya san lambarsa, domin da ita yake ware fayilolinsa na wucin gadi. Idan biyu suka tashi da lamba ɗaya, sai su riƙa rubutu a fayil guda, bayanan wannan mai kira su cuɗe da na wancan.

(v) Zaɓin lambar fita. Duk manhajar da ta gama aiki a DOS tana iya barin lamba tsakanin 0 da 255, fayil ɗin jerin umarni kuma ya duba lambar ya san abin da zai yi nan gaba: ya sake tayar da manhajar zaure, ko ya fara shirya wasiƙun da mai kira ya rubuta. Akwai tarko a nan. Umarnin IF ERRORLEVEL 10 ba ya nufin “idan lambar 10 ce”, yana nufin “idan lambar ta kai 10 ko ta wuce”. Saboda haka dole a jera gwajin daga babbar lamba zuwa ƙarama. Wanda ya fara da ƙarama, ita ce za ta kame duk sauran.

7.7 Bambanci Tsakanin Manhajoji

Kamar yadda kalma ɗaya kan ɗauki ma'ana dabam daga karin harshe zuwa wani, haka haruffan zaɓi suke. Ga saƙon da aka kawo a 7.4, ban da sashensa na ƙarshe, a bakin Maximus:

MAX -b2400 -p1 -t45 -n2

Gudu da lokaci da layi sun zo da haruffa iri ɗaya a manhajojin biyu, amma kafa ta bambanta: C a RemoteAccess, p a Maximus. Haka nan shigar cikin gida, L a ɗaya, k a ɗaya. Wasu manhajojin ma ba sa amfani da karan kwance, sai karan jirge. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da masana harshe suka daɗe da faɗa, cewa alaƙar alama da ma'anarta yarjejeniya ce tsakanin masu amfani da ita. Darasin da ke nan shi ne, haddar haruffa ba ta wadatarwa. Wanda ya san tambayoyi biyar da kowace manhajar allo ke bukatar amsarsu, wato gudu nawa, wace kafa, saura minti nawa, wane layi, da me za a bari a fita, zai iya nemo haruffansu a littafin jagorar kowace manhaja.

7.8 Matsalar Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Akwai abu ɗaya da babu zaɓin da ya iya warware shi a wancan zamani. Jerin haruffan da kwamfutocin DOS suka saba nunawa, mai gurabe 256, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Duk wanda ya rubuta Hausa a irin wannan allo, dole ya rubuta “kasa” a madadin “ƙasa”, “da” a madadin “ɗa”, “bata” a madadin “ɓata”, ya bar wa mai karatu aikin gano ma'ana daga muhallin magana. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya tanadi waɗannan baƙaƙe. Saboda haka a yau uzurin da ake da shi a da ya kau, kuma ya wajaba malami ya hori ɗalibansa su kiyaye ƙa'idojin rubutu a kwamfuta da waya kamar yadda suke yi a takarda.

7.9 Dabarun Koyarwa

Ɗalibi zai lura cewa an bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomin wannan babi. Akwai aro, kamar kwamfuta da modem da fayil da bit. Akwai faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita, kamar kafa da gudu da allo. Akwai kuma ƙirƙira ta hanyar siffanta aiki, kamar manhajar zaure da lambar fita da jimlar umarni. Ƙa'idar ita ce a fara sanin aikin abu kafin a raɗa masa suna, kuma idan an raɗa, a tsaya a kansa har ƙarshen darasi.

Ana iya koyar da wannan babi ko da babu kwamfuta a aji. Malami na iya sa yaro guda ya zama mai kira, wani ya zama mai zaure, na uku ya zama manhajar allo wanda aka tsayar a bayan ƙofa. Mai zaure ya rubuta jimlar umarni a takarda ya miƙa masa, shi kuma ya yi aiki da abin da ke takardar kaɗai. Idan malami ya sa aka cire zaɓi guda, yara za su ga sakamakon da idonsu.

7.10 Kammalawa

A wannan babi an bayyana allon sanarwa na tarho, da kayan aikinsa, da hanyoyi uku na tayar da manhajarsa. An nuna cewa jimlar umarni tana da sassa da ƙa'idojin jeri kamar kowace jimla, kuma bukatar zaɓuɓɓuka takan ƙaru idan wata manhaja ce ta amsa kira kafin ta allo. An kuma kawo illar kuskure a zaɓin gudu da kafa da lokaci da layi da lambar fita. Ko da yake zamanin waɗannan alluna ya wuce, har yanzu ana tayar da manhajoji masu yawa da irin wannan jimla, don haka abin da ɗalibi ya koya a nan zai yi masa amfani a wasu wurare.

7.11 Tambayoyi

1. Mene ne allon sanarwa na tarho? Su wa suka kafa na farko, kuma a wace shekara?
2. Feɗe wannan jimla, sannan ka mayar da ita zuwa daidaitacciyar Hausa: RA -B9600 -C2 -T20 -N1
3. Me ya sa manhajar da ke zaman jiran kira ba ta bukatar zaɓin gudu, amma wadda manhajar zaure ta yi wa iso take bukata?
4. Minti nawa kwafar fayil mai haruffa 144,000 zai ci a gudun 2,400? Za a bar mai kira ya fara idan zaɓin lokaci -T8 ne? Kawo dalili.
5. Kawo kalmomi biyar na Hausa waɗanda ma'anarsu ke sauyawa idan aka cire ƙugiyar baƙi.
6. Jinga: zaɓi kalmomin fasaha biyar da ake amfani da su a wayar salula, ka bayyana aikin kowace, ka samar mata da suna na Hausa, ka faɗi hanyar da ka bi.